Duban Tsabar Kuɗi a Ƙasar Kura da Madobi, da Yadda A Ke Dubanta a Amurka

Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyukan da ke kudu da birnin Kano, wajen Madobi da Kura da Bunkure, ya san abin da tsofaffin mata su kan yi in biki ya matso. Tsohuwa ta kan jawo ƙullin tsumma daga bayan jeren kwanoni, ta kwance, ta fito da 'yan azurfofin da ta gada, ta nemi toka da lemon tsami ta yi ta dirza har su yi fari fat. A ganinta gyara ta yi, kuma in don kwalliya ne ba ta yi kuskure ba. Amma a ƙasar Amurka akwai waɗansu mutane waɗanda ba su da wata sana'a sai duban tsofaffin kuɗin ƙarfe su yanke musu daraja. Su kuwa da za su ga wannan dirza, da sun ce an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, gama baƙin nan da tsohuwa ta kankare shi ne wani lokaci a ke saye da tsada.

Abin da na ke nufi a wannan takarda shi ne in bi tarihin yadda mutanen wannan yanki suka riƙa duban kuɗi, tun daga wuri har zuwa sule, sa'an nan in gwada shi da yadda masu waccan sana'a su ke auna launi da tabo da ɗaukar ido. Mai karatu zai ga cewa sana'ar ba baƙuwa ba ce a gare mu kamar yadda a ke zato.

Mu fara da wuri, tun da ya ke daga jam'insa ne muka sami kalmar kuɗi kanta. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa ɗan Dadi, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Asalinsa daga tsibiran Maldib ne da ke cikin tekun Indiya, ƙanana ne, farare, masu santsi. A nan ƙasar ba a shirya su a zare kamar yadda a ke yi a bakin teku, sai dai a zube su a ƙasa a ƙidaya biyar biyar, in sun kai zambar ashirin a ɗinke cikin keso. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano a cikin Fabrairu 1851. Ya tarar a na canjin azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, ya kuma ƙiyasta cewa wuri 50,000 zuwa 60,000 sun isa su riƙe iyali guda shekara, har da suturarsu.

To, ko wuri ma ba a karɓarsa ido rufe. Mai ƙidaya ya kan tsame fasasshe da wanda ya ƙone ya ture gefe. Sa'an nan daga wajen 1845 fataken Jamus na birnin Hambog suka fara jido wani irin wuri daga gaɓar Zanzibar suna kawowa bakin tekun Afirka ta Yamma. Wannan ya fi na Maldib girma da nauyi, launinsa ya ja zuwa shuɗi-shuɗi, da wani zobe rawaya a gadon bayansa. Da fari akwai kasuwannin da suka ƙi shi, ba don komai ba sai don kamarsa ba ta yi daidai da abin da ido ya saba ba. Daga baya yawansa ya rinjayi ƙiyayyar, kuma yawan nan ya karya darajar wuri baki ɗaya, har kafin ƙarshen ƙarnin azurfa ɗaya ta kai wajen wuri 5,000 a Kano.

Kafin in shiga zancen azurfar, dole in ratse zuwa Kura, domin a can ne za a fi gane abin da a ke kira ɗaukar ido. A ƙarni na goma sha tara Kura da garuruwan da ke kewaye da ita suna cikin manyan wuraren rini na ƙasar Kano. Malam Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi bincike mai zurfi a kan wannan sana'a, ya nuna yadda turkuɗi da rawanin nan da a ke kira ɗan Kura suka riƙa tafiya har cikin Sahara. Abin lura a nan shi ne, ba saƙar kaɗai a ke saye ba. Bayan an tsamo zane daga karofi an shanya, a kan kai shi mabuga, a barbaɗa masa shuni, a yi ta bugu da tabarya a kan gungume har ya ɗauki wani sheƙi mai kama da na ƙarfe, baƙi ne amma in an karkata shi ga rana sai ya ba da ja-ja. Sa'an nan a naɗe shi cikin takarda don kada hannu ko ƙura su taɓa shi. Buzun da ya zo saye ya kan buɗe gefen takardar kaɗan, ya juya a haske, ya ga yadda sheƙin ke gudu a kan zanen. Wannan sheƙi kuwa a bisa kawai ya ke. Ranar da aka wanke ɗan Kura, ranar ya tashi daga ɗan Kura ya koma baƙin ƙyalle, ko da ya ke zare ɗaya bai tsinke ba. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan misali, za mu komo gare shi.

Azurfar da Barth ya ambata iri biyu ce, akwai ta Sifen, akwai ta Ostiriya, amma wadda ta zauna a hannun Hausawa ita ce ta Ostiriya, wadda a ke kira liyari, waɗansu su ce riyal. Tana ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Tariza a fuska ɗaya, da gaggafa mai kai biyu a ɗayar. An fara buga irinta a 1741. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma da aka ga mutanen Gabas ba su yarda da wata azurfa kamarta ba, sai aka ci gaba da bugawa da wannan shekara ta 1780 ba a sakewa, ko da wace shekara aka yi bugun. Nauyinta giram 28 da 'yan kai, kashi biyar cikin shida azurfa ne, sauran jan ƙarfe. Bayan Biyana, an buga ta a Roma da London da Paris da Bombai da waɗansu birane, jimlar abin da aka buga ya wuce miliyan ɗari uku. Saboda haka wanda ya ga 1780 a jikin liyarin kakarsa kada ya ɗauka lalle ta yi shekara ɗari biyu da arba'in. Mai yiwuwa ne ta girmi kakar da kaɗan kawai.

Yadda a ke duban liyari abin mamaki ne ga wanda ya san cewa masu duban ba su karanta rubutun Latin da ke kewaye da ita ba. Larabawa suna kiranta Abu Nuƙɗa, watau mai ɗigo, suna kuma kiranta Abu Ɗair, mai tsuntsu. Ɗigon da a ke nufi su ne 'yan lu'ulu'un da ke jikin kambin Sarauniya da kuma maɗaurin mayafin da ke kafaɗarta. Matafiya da yawa sun ba da labarin cewa daga Habasha zuwa ƙasashen Larabawa da na Sudan, ɗan kasuwa ya kan shafa maɗaurin nan da babban yatsa, ya ƙidaya ɗigon. In sun fito sarai ya karɓa, in sun shafe ya ƙi, ko ya rage mata daraja. A kan duba kuma 'yan haruffa biyu, S da F, da ke ƙarƙashin hoton, waɗanda su ne farkon sunayen ma'aikata biyu na gidan bugun kuɗi na garin Gunzbog. Bayan ido sai kunne: a jefa ta kan dutse a saurari amonta, gama azurfar gaske tana da zaƙin murya, wadda aka cuɗa da dalma kuwa sai ta yi ɗif.

Hikimar wannan duba ba ƙarama ba ce. Ɗigon nan su ne wuraren da suka fi tudu a jikin kuɗin, saboda haka su ne farkon abin da hannu ke cinyewa. Wanda ya ƙidaya su ya auna yawan azurfar da ta zube ke nan ba tare da sikeli ba. Masu sana'ar tantancewa na yau ma abin da su ke fara yi ke nan, su nemi wuri mafi tudu a hoton su ga ko gogewa ta taɓa shi.

Turawan Ingila suka ci Kano a cikin Fabrairu 1903. Gwamna Lugga bai ɓata lokaci ba, ya hana shigo da liyari a 1903, ya hana shigo da wuri a 1904, sa'an nan sannu a hankali aka riƙa neman haraji da kuɗin Turawa. Matsalar ita ce sule ya yi wa cinikin talaka girma. Mai sayen ƙosai ko daddawa ba shi da abin da zai yi da sule. Don haka a 1907 aka bugo kwabo da anini, masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai faɗin darajarsu. Anini goma ke yin kwabo. Aninin farko da goran ruwa aka yi shi, yana ma cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe, amma bai jure ba. Damshi da gumi suka riƙa cinsa yana fitar da farin tabo, sai a 1908 aka sake shi da gamin jan ƙarfe da nikal. 

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ta ratso ta ƙasar Madobi, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. A nan ne tsabar Turawa ta shiga ƙauyuka sosai, domin manomi ya kan kai gyaɗarsa a auna a zuba masa sulalla a hannu. A wannan shekara ta 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a London, a 1913 ta fito da toro da sisi da sule da dala na azurfa, sule da dala suna ɗauke da hoton itacen kwakwar manja. Sunayen ma kansu tarihi ne. Rabin kwabo an kira shi ɗari saboda wuri ɗari da a ke canjinsa da su, dala kuwa, wadda a ke kuma kira fataka, ta gaji sunanta ne daga manyan azurfofin da suka riga ta zuwa.

Azurfar nan ba ta daɗe ba. Bayan Yaƙin Duniya na Farko kuɗin azurfa ya hau a duniya, sai a 1920 hukumar ta koma buga sule da dala da wani gamin tagulla mai ruwan rawaya. Mutane suka duba suka ga launin ba ɗaya ba ne, amon ba ɗaya ba ne. Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya kan faru ko'ina: aka riƙa kashe rawayan, a na ɓoye farin. Sulen azurfa ya ɓace daga kasuwa, ya koma cikin tukwane, ya koma wajen maƙeran fari suna narkarwa suna yin awarwaro da zobba. Rawayan kuma ya zama mai sauƙin kwaikwayo, jabu ya yi yawa, har masu ƙamus suna danganta kalmar jabu da sunan garin Ijebu, inda aka yi ta shari'ar masu bugun ƙarya a wancan zamani, ko da ya ke ba can kaɗai aka yi ba. Don maganin wannan, a 1938 aka sake gamin, aka kuma yi wa bakin sule da dala wani kwarmi a kewaye wanda maƙerin ɓoye ba ya iya fitarwa da kyau. Daga nan mai karɓar sule ya sami sabon wurin dubawa, ya kan juya shi ta gefe ya bi kwarmin da farce. Kuɗin Tarayyar Nijeriya suka fito a 1959, naira da kwabo suka maye gurbinsu ran 1 ga Janairu 1973.

Yanzu mu juya ga masu sana'ar. Ma'aunin da su ke aiki da shi wani Ba'amurke ne, William Sheldon, ya fito da shi a 1949, cikin littafin da ya rubuta a kan tsofaffin kwabban jan ƙarfe na Amurka. Ya jera daraja daga 1 zuwa 70. Mai daraja 1 shi ne wanda ya suɗe har da ƙyar a ke gane shi, mai 70 kuwa shi ne wanda ba shi da aibu ko kaɗan. A tunaninsa na farko lambar farashi ce, watau mai 70 ya ninka mai 1 sau saba'in a kuɗi. Wannan lissafi ya rushe tun da daɗewa, amma lambobin suka zauna. A 1986 aka kafa kamfanin PCGS, a 1987 aka kafa NGC, aikinsu shi ne a aiko musu da kuɗi, ma'aikata fiye da ɗaya su duba kowa shi kaɗai, a daidaita a kan lamba, a rufe kuɗin cikin gidan roba mai haske da lambar a jiki. Gidan roban nan aikin takardar ɗan Kura ya ke yi.

Daga 1 zuwa 58 gogewa a ke aunawa, kamar dai mai ƙidayar ɗigon liyari. Daga 60 zuwa 70 kuwa kuɗi ne da ba su taɓa yawo a hannu ba, a nan ne aikin ke da wuya, domin babu gogewar da za a auna. Sai a dubi abu huɗu: yadda hatimi ya kama lokacin bugu, da yawan ƙwarzane, da sheƙi, da ɗaukar ido. Mai duba ya kan riƙe kuɗin ta gefe ƙarƙashin fitila ɗaya, ya riƙa karkata shi. Sabon kuɗi yana da waɗansu siraran layuka da ido ba ya gani, waɗanda suka samu sa'ad da ƙarfen ya malala ƙarƙashin hatimi, su ne ke sa haske ya riƙa kewaya fuskar kuɗin in an juya shi. In an dirje shi layukan nan sun tafi ke nan har abada. Zai yi fari, zai yi ƙyalli, amma hasken ba zai kewaya ba, kuma za a ga sawun dirzar kamar gashi-gashi. Irin wannan ba a ba shi lamba sam, sai a rubuta cewa na gaske ne amma an wanke shi, farashinsa kuwa ya faɗi.

Launin da azurfa ke ɗauka in ta tsufa ba datti ba ne. Akwai ɗan burɓushin farar wuta a cikin iska, da hayaƙi, da takarda, da fatar jima, shi ne ke haɗuwa da fuskar azurfar ya yi wani siririn rufi. Launin da ido ke gani ya danganta ga kaurin rufin. In yana da siranta ƙwarai sai a ga rawaya, in ya ƙaru a ga ja-ja, sa'an nan shuɗi da kore, in ya yi kauri sosai ya koma baƙi. Misalin da aka fi sani shi ne na dalolin azurfa na Amurka da suka shekara da shekaru cikin buhunan zane a ɗakunan ajiyar gwamnati, waɗanda suka jingina da jikin buhun suka fito da launuka kamar bakan gizo. Masu duba sun kasa wannan launi gida uku. Akwai wanda ke ƙara daraja, shi ne mai haske, wanda launukansa suka shiga juna a hankali, sheƙin kuma yana lekowa ta ƙarƙashinsa. Akwai wanda ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Akwai kuma mai ragewa, watau wanda ya yi duhu ya danne sheƙin, ko ya yi dabbare-dabbare. Da ya ke launi na kawo kuɗi, an sami masu yin na ƙarya da wuta ko da magani, aikin mai duba ne ya gane su, gama launin ƙarya ya kan zauna a bisa kamar fenti, yana tsallake daga wannan launi zuwa wancan ba bisa jerin da na faɗa ba. Wanda aka kama da wannan shi ma ba ya samun lamba.

Jan ƙarfe yana da tasa ƙa'ida. Sabonsa ja ne, yana tsufa yana komawa ruwan ƙasa, saboda haka bayan lamba a kan rubuta ko ja ne, ko tsaka-tsaki, ko ruwan ƙasa, kuma ja ya fi tsada nesa ba kusa ba. Shi ne kuma ya fi saurin yin tabo. Ɗigon yawu ɗaya daga bakin mai magana, ko sawun yatsa mai gumi, ya isa ya zama baƙin ɗigo bayan shekaru. A wajen auna tabo abu uku a ke tambaya: girmansa, da wurin da ya ke, da ko ya tsaya a bisa ko ya ci ƙarfen. Ɗigon da ke kan kuncin hoto ya fi wanda ya ɓuya cikin rubutun gefe laifi, ko da girmansu ɗaya, domin a kan fuska ido ke fara sauka. Koren tabo kuwa shi ne mafi muni, gama alama ce gishiri da damshi suna cin ƙarfen, kuma in an bar shi yaɗuwa ya ke yi.

Sauran ɗaukar ido, wadda ita ce ba ta aunuwa. Kuɗi biyu su kan zo da ƙwarzane daidai da sheƙi daidai, amma ɗaya in an gan shi sai a so a sake kallo. Kamfanonin sun san lambarsu ba ta iya ɗaukar wannan, shi ya sa NGC ta ke ƙara alamar tauraro ga wanda ya fi sa'o'insa kyan gani, a 2010 kuma kamfanonin biyu suka shigo da alamar ƙari ga wanda ya kusa hawa mataki na gaba. A nawa ganin, a nan ne sana'ar ta tona asirin kanta. Lamba tana sa mutum ya zaci sikeli ne ya yi magana, alhali kuwa ido ne, ido kuma yana bin yayi. A tsakiyar ƙarni na ashirin masu tara kuɗi a Amurka fari fat su ke so, suka yi ta tsoma azurfofinsu cikin magani don su cire launi, daidai da tsohuwarmu da tokarta. Jikokinsu ne yau ke biyan ninkin kuɗi don launin da kakanni suka wanke. Tambayar da mai duba ke yi wa kansa a ƙarshe ita ce, nawa kasuwa za ta yarda ta biya? Dillalin Kurmi da ke shafa maɗaurin Sarauniya shi ma abin da ya ke tambaya ke nan, shin wanda zan miƙa wa gobe zai karɓa?

Bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin da kowanne ke tsoro. Dillali yana tsoron jabu da ragin nauyi, saboda haka baƙi-baƙin liyari bai dame shi ba, wanke ta ma bai dame shi ba, muddin ɗigo na nan amo na nan. Mai duba na zamani yana tsoron hannun mutum. Da Buzu mai sayen ɗan Kura ne aka kai shi ɗakin duban nan, shi zai fi saurin gane abin da a ke yi, domin shi ma fuskar da ba a taɓa ba ya ke biya.

Kada kuwa wannan bayani ya sa wani ya zaci duk tsohon kuɗin da ke gidansu dukiya ce. Ga misali. Sarki Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a 1936, ya sauka a cikin Disamba na wannan shekara, ba a kai ga fitar da kuɗi da sunansa a Ingila ba. Amma a Afirka ta Yamma an fitar da kwabo da ɗari da anini masu sunansa, domin masu huji ne, ba su bukatar hoto. Labarin yana da daɗi, sai dai an buga su da yawan gaske, saboda haka wanda ya sha hannu ba shi da wani farashi. Abin da ke raba su shi ne lafiyar fuska, da kuma 'yan haruffan da ke nuna gidan bugu, H ko KN, na gidaje biyu a Birmingham. Haka liyari: yawancinta darajar azurfarta ce kawai, in kuwa an huda ta ko an liƙa mata kunne don a rataya a wuya, kamfanonin ba za su ba ta lamba ba.

Mai tarihi kuwa ba da wannan ido ya ke dubawa ba. A gare shi hujin da maƙeri ya yi shaida ce, suɗewar ɗigo shaida ce ta yawan hannuwan da kuɗin ya bi, launin ma yana faɗin ko cikin fata ya kwana, ko cikin tsumma, ko cikin ƙasa. Wannan ya kawo mu ga wani abu da ya shafi yankin nan musamman. Binne kuɗi cikin tukunya tsohuwar al'ada ce, kuma a da ƙasar ta kan bushe wata bakwai a shekara, abin da aka binne ya kan daɗe bai lalace ba. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta hanyoyi zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, gonaki da yawa ba su bushewa rani da damina, ga kuma gishirin takin zamani. Azurfa tana iya jurewa, sai dai ta yi baƙi. Sulen tagulla da kwabon jan ƙarfe kuwa kore su ke yi, su manne da juna, rubutunsu ya ci.

In garma ta tono irin wannan tukunya, abin da a kan yi shi ne a fasa, a raba, a dirje, a kai wa maƙeri. Da za a bar ta yadda ta ke, a rubuta gonar da aka same ta da zurfin ramin, a kai wa ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama su ƙidaya kafin a raba, da an sami abin da babu shi a takardun Turawa. Kuɗin da ya fi kowanne ƙuruciya a cikin tukunya shi ke nuna cewa ba a binne ta kafin shekararsa ba. In aka tarar azurfa ce zalla, ba rawaya ko ɗaya, alhali akwai kwabban bayan 1920 a ciki, an san mai ita zaɓe ya yi. In kuwa aka sami liyari gauraye da sulalla, an san cewa a wannan ƙauye ba a daina ajiye ta ba shekaru bayan Gwamna Lugga ya hana shigowa da ita.